Ƙarancin Sinadarin Girma da Ciwon Kunne, Hanci da Maƙogwaro: Tambayoyin Iyaye a Katsina

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye suka sha yi mini a nan Katsina, wasu a wurin awo, wasu a gidan suna, wasu ta waya daga Daura da Mashi da Dutsin-Ma. Galibi ba maganar tsayi ke kawo su ba. Kunne ne ke ruwa, ko minshari ya hana 'yan ɗaki barci. Sai an zo sallama uwar za ta ce, "Ni kuwa yaron nan ba ya girma kamar sa'o'insa." Sau da yawa wannan maganar da ta bari sai ƙarshe ita ce ya kamata a fara da ita.

Mene ne sinadarin girma, kuma me ya haɗa shi da kunne da hanci?

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan kogon hanci, akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake girma ba, likitoci na ce mata fituwitari. Ita ke fitar da sinadarin girma. Ba kwarara yake yi kamar famfo ba, tsartuwa yake yi lokaci-lokaci, mafi yawa da dare idan barci ya yi nauyi. In ya shiga jini sai ya sa hanta ta haɗa wani sinadarin da ake kira IGF-1, su biyun su miƙar da ƙashi, su gina tsoka.

Da an ce girma, hankalinmu kan tafi ga tsayi. Amma fuska ma girma take yi: karan hanci ya tashi, muƙamuƙi ya faɗaɗa, gindin ƙoƙon kai ya buɗe. Kunne da hanci da maƙogwaro kuwa gidan yawa ne, ɗaki uku, tsakar gida ɗaya, wato filin da ke bayan hanci. Daga kowane kunne akwai siririyar hanya da ta sauko ta buɗe a wannan tsakar gida. Ita ke kai iska bayan dodon kunne, ta kuma fitar da ruwan da ya taru. A ƙaramin yaro gajeriya ce, a kwance, shi ya sa mura ke saurin haurawa kunnensa. Yana girma tana ƙara tsayi tana karkata, kamar kwatar da aka ba gangare. Yaron da sinadarinsa ya yi ƙaranci, fuskarsa kan daɗe da sigar ƙuruciya: goshi a turo, karan hanci a kwance, haɓa ƙarama. Gidan ya zauna a matse, ɗan kumburi kaɗan sai ya toshe hanya.

Ɗana gajere ne ƙwarai. Ke nan yana da wannan larura?

Ba lallai ba, Malam, galibi ma ba ita ba ce. Ana ƙiyasta yaro ɗaya ne cikin 4,000 zuwa 10,000 ke da ita. Abin da ya fi tsumburar da yara a wajenmu shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki, da yawan gudawa da zazzaɓi, da sikila, sai kuma gado. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna sama da rabin yaran Jihar Katsina 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsayin shekarunsu ba, kuma ba fituwitari ce ta jawo ba.

Ido ma kan ga bambanci. Mai tamowa a rame yake. Mai ƙarancin sinadarin girma sau da yawa ɓul-ɓul yake da ɗan tumbinsa, ya makara wajen fitar haƙora da famfara, kai da hannu da ƙafa duk daidai da juna, sai dai komai ƙarami. Ba irin wada ba ne, mai gajerun hannuwa da ƙafafu da babban kai. Wannan larurar ƙashi ce daban.

Abin dubawa shi ne nawa yake ƙaruwa. Daga shekara huɗu zuwa gab da balaga yaro kan ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara. Ku tsayar da shi jikin bango ba takalmi, ku yi alama, ku rubuta kwanan wata, bayan wata shida a sake. In shekara ta zagayo bai ƙara santimita 4 ba, a kai shi a duba.

Kunnen 'yata ya fi shekara yana ruwa, in ta sha magani ya tsaya, in ta yi mura ya dawo. Ga ta 'yar ficiciya. Akwai alaƙa?

'Yar'uwa, gajeriyar yarinya mai yawan ciwon kunne takan sa likita ya tuna da larurar Tana, wadda ke samun mace ɗaya cikin 2,000 zuwa 2,500 da ake haifa. Ɗaya daga ƙwayoyin halitta biyu na mace, waɗanda ake kira X, ita ce ba ta nan ko ba ta cika ba. Wasu sukan zo da faɗin wuya da kunnuwa a ƙasa-ƙasa, wasu kuwa ba alamar komai sai gajarta da kunne, har lokacin balaga ya zo a ga shiru, ba ƙirgen dangi, ba al'ada. Ba ainihin ƙarancin sinadarin girma ba ce, amma da allurarsa ake taimaka musu, kuma gwajin jini ke tabbatar da ita. Irin waɗannan yara ana gwada jinsu a kai a kai har girmansu, ana kuma duba zuciya da ƙoda.

Shi kuwa ruwan da kike gani, alama ce dodon kunne ya huje. In ya haura mako biyu yana zuba, ya wuce na kemis. In kuma kika ga bayan kunnen ya kumbura ya turo shi gaba, ko baki ya karkace, ko ciwon kai mai tsanani da amai da sanƙarewar wuya, kada a kwana, ko da tsakar dare ne.

Me za mu yi a gida kafin mu ga likita?

A murɗa ƙyalle mai tsabta mai tsotse ruwa kamar lagwani, a sa a bakin kunnen, in ya jiƙe a sauya har ya fito a bushe, sau uku a rana. Kada ruwan wanka ya shiga, kada a bar shi ya yi ninƙaya a kududdufi da damina.

Abin da nake roƙo a daina: man ja, ruwan albasa, ruwan ganye, gashin kaza, tsinken ashana. Haka maganin ɗigawa da aka saya ba a leƙa kunnen ba, don wasu na ɗauke da jentamaisin ko danginsa, in suka ratsa hujajjen dodon kunne za su iya taɓa jijiyar ji. A kuma nisanta yaron da hayaƙin icce da na taba. Goyon yaro mai mura a bakin murhu tun safe har azahar na ƙara kumbura hanyar nan da na ambata.

Malaminsa ya ce kunnen ƙashi gare shi, sai an kira shi sau uku. Taurin kai ne?

Wannan tambayar tana taɓa ni, don na ga yaran da suka sha bulala a makarantar allo da ta boko a kan laifin da ba nasu ba. Akwai ruwa mai kauri kamar koko da ke kwanciya bayan dodon kunne, ba ciwo, ba zazzaɓi, ba abin da ke zubowa. Yaron na jin magana kamar wanda ya toshe kunnuwa da yatsu. Zai matsa kusa da rediyo, ya riƙa kallon bakin mai magana, bakinsa ya makara wajen buɗewa, karatu ya yi masa nauyi. Ga shi ƙarami a aji, sai a haɗa masa biyu, a ce ba jiki ba kai, alhali ƙarancin sinadarin girma shi kaɗai ba ya rage basira.

Irin wannan ruwa yakan janye da kansa cikin wata uku. In bai janye ba kuma ji ya ragu, likita kan sa ɗan mitsitsin bututu a dodon kunne don iska ta shiga, ya faɗo da kansa bayan wata shida zuwa shekara.

Akwai kuma raunin ji na can ciki, na jijiya. A garin Itabayaninya da ke arewa maso gabashin Birazil akwai mutum sama da 100 'yan dangi da suka gaji ƙarancin sinadarin girma, inda auren zumunci ya yawaita. Da aka gwada manyansu da ba su taɓa yin allura ba, an sami raunin jin sirarar sauti, da yawan jiri, da siririyar murya fiye da maƙwabtansu. A 1996 kuma likitoci a Landan sun ba da rahoton wani yaro da jikinsa ba ya haɗa IGF-1 sam, an haife shi ƙarami kuma kurma. Wato kunnen ciki ma yana buƙatar sinadaran nan. Shi ya sa nake ganin duk wanda aka tabbatar masa da larurar a gwada jinsa tun farko. Gwajin ba zafi, har jariri ana yi wa yana barci. Kafin nan, a roƙi malam ya dawo da shi sahun gaba.

Yarona yana minshari kamar babba, baki buɗe yake kwana. Wai shi ma yana hana girma?

Ƙwarai kuwa, kuma a nan ne maganar ta zama hanya mai zuwa da dawowa. A gefe biyu na maƙogwaro akwai tsokoki da ake kira tansil, a bayan hanci kuma akwai 'yar'uwarsu adinoyid, wadda ba a ganinta ta baki. In suka kumbura sukan tare iska da dare. Yaron ya ja minshari, ya yi tsit na 'yan daƙiƙoƙi, ƙirji na fama iska ba ta shiga, sai ya zabura da shaƙuwa ya juya. Haka zai kwana. Da safe ga matashi jiƙe da yawu da gumi, wani har fitsarin kwance, da rana ga rigima ko gyangyaɗi a aji.

Ku tuna sinadarin girma cikin barci mai nauyi ya fi fita. Wanda ake tayarwa kowane ɗan lokaci ba ya kaiwa can. Ga ƙarfin da yake ƙonewa wajen jan numfashi, ga haɗiyar tuwo da wuya. Sai yaro ya tsumbure alhali fituwitarinsa lafiya lau. Da yawa daga irin waɗannan, da an cire tsokokin sai su miƙe, riga ta ɗage cikin 'yan watanni. A ɗaya ɓangaren kuma, mai ainihin ƙarancin sinadarin, da yake hanyar iskarsa a matse take, kumburin da wani zai jure shi sai ya toshe shi. Masu sikila ma suna yawan samun wannan kumburi.

Shawarata mai sauƙi ce: ku ɗauki bidiyonsa da waya yana barci, minti biyu ko uku, ƙirji a buɗe, a ji sautin. Likita da rana yake ganin yaro, a farke. Bidiyon zai nuna masa abin da baki ba zai iya kwatantawa ba.

Shekararsa 15 amma muryarsa kamar ta ɗan yaye, abokai na tsokanarsa. Za ta buɗe?

Maƙogwaro ƙarami, igiyoyin murya gajeru, dole sauti ya fito siriri, kamar yadda ƙaramar tsirkiya ke fin babba zaƙi. Buɗewar muryar namiji kuwa aikin sinadarin balaga ne, kuma fituwitari ce ke ba da umarnin fitarsa. In ta yi rauni a duka biyun, sai likita ya haɗa masa da na balaga a lokacin da ya dace, muryar ta buɗe. In muryar a dushe take, ga jin sanyi da kasala da bushewar fata, a gwada sinadarin tayirod, wato na wata tsoka da ke gaban wuya. In kuma ba ya jin ƙamshi ko wari tun yana yaro, ko an kunna turaren wuta a ɗaki, a faɗa wa likita, don rashin jin ƙamshi tare da jinkirin balaga larura ce mai zaman kanta.

Jikana ba ya kama nono sosai, na ce a kira wanzami ya cire masa beli, uwar ta ƙi. Wa ke da gaskiya?

Inna, Allah ya ƙara girma, a wannan karon ki bar wa uwar. Na san da kyakkyawar niyya iyayenmu suka yi, amma beli halitta ce, ba cuta ba, yana taimakon rufe bayan hanci lokacin haɗiya. Yanke shi kan jawo zubar jini, da shigar ƙwayoyin cuta, har da sarƙe-haƙora.

Ga kuma abin da ba a cika sani ba. Fituwitari da ganɗa da tsakiyar fuska kusan tare ake ƙera su a cikin mahaifa, don haka tawayar ɗaya kan zo da ta ɗayan. Beli mai baki biyu kan zama alamar ɓoyayyar tsagewar ganɗa. In aka yanke, an share wa likita sawu. Jaririn da fituwitarinsa ba ta aiki kuwa sukarin jininsa kan faɗi, kuma jikinsa ba ya iya ɗaukar wahalar yanka da zubar jini.

Alamun da za su sa a gaggauta kai jariri asibiti: tsagewar leɓe ko ganɗa, nono na fitowa ta hanci, jijjiga ko laƙwas da sanyin jiki, shawara da ta haura mako biyu, ƙanƙantar gaba a ɗa namiji, idanu masu rawa. Haka wanda ke shiɗewa ya canza launi in yana shan nono, in ya yi kuka ya dawo daidai. Jariri ta hanci yake numfashi, mai yiwuwa bayan hancin a toshe aka haife shi. Daga baya in haƙora suka fito aka ga na gaba na sama ɗaya ne tak a tsakiya maimakon biyu, shi ma abin nunawa ne.

In an fara allurar, kunne da minshari za su warke?

Kada a ɗora mata wannan nauyin. Aikinta girma ne: a shekarar farko mai ainihin larurar kan ƙara santimita 8 zuwa 12, fuska ta fara buɗewa a hankali. Amma ba ta liƙe hujajjen dodon kunne, ba ta dawo da jijiyar da ta mutu. Wani lokaci ma tansil da adinoyid kan ƙara girma a farkon magani, kuma an lura ciwon kunne kan ƙaru a wasu 'yan mata masu larurar Tana.

An fi tsananta kulawa ga masu larurar Firada-Wili, yaran da ake haifa laƙwas ba sa iya tsotso, daga baya su koma ci ba ƙoshi da ƙiba. Su sai an duba maƙogwaro da numfashin barci kafin a fara, don an sami mutuwar fuju'a a wasu masu tsananin ƙiba da matsalar numfashi. Kowane yaro ne, in minshari ya ƙaru bayan fara allura, ko ciwon kai da amai da gani dishi-dishi, ko ɗingishi da ciwon ƙugu ko gwiwa, a koma wurin likita nan take.

Tun 1985 ake haɗa sinadarin a masana'anta. Ƙarƙashin fata ake yin allurar, galibi kowane dare, yanzu kuma akwai ta mako-mako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: da bakin ƙashi ya rufe bayan balaga, ba allurar da za ta ƙara tsayi.

An ce za a cire masa tansil. Akwai abin da ya kamata mu faɗa?

Akwai, kuma kada a ji nauyin maimaitawa. A gaya wa likitan tiyata da mai sa barci cewa yana da larurar fituwitari, a nuna duk magungunansa. In yana shan haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin wani sinadarin da fituwitari ke ba da umarnin fitarsa, dole a ƙara masa kafin aiki da bayansa, in ba haka ba jini kan faɗi warwas. Hana cin abinci kafin aiki kan kayar da sukarinsa, ƙaramin muƙamuƙi kuma kan wahalar da sa bututun numfashi. Irin wannan aiki a babban asibiti ake yi, a kuma kwana ana sa ido.

Ƙari ne a fituwitari, an ce ta hanci za a cire. Yaya hancin zai kasance bayan nan?

Da yake bayan hanci take, ta nan ne hanya mafi kusa, ba sai an buɗe kai ba. Makonnin farko za a yi toshewar hanci da ɓawo-ɓawo, jin ƙamshi ya ragu, galibi ya dawo. Ba a fyace majina, ba a ɗaukar kaya mai nauyi, atishawa baki buɗe, kuma a tambayi likita yadda za a yi da shaƙa ruwan alwala da sujada har wurin ya warke. In ruwa garai-garai mai gishiri-gishiri yana ɗiga ta hanci, musamman in an sunkuya, ba mura ba ce, ruwan ƙwaƙwalwa ne ke yoyo. Haka ƙishirwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa. Duka biyun na komawa asibiti ne a ranar.

Manya ma suna samu?

Suna samu, bayan ƙari, ko bugun kai a hatsari, ko gashin ciwon daji da aka yi a kai. Wanda ya fi damuna a ƙasarmu shi ne na matan da suka zubar da jini da yawa wurin haihuwa, har fituwitari ta rasa jini ta lalace. Ruwan nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, gashin hammata ya zube, ga kasala da dushewar murya da jiri. Wata ta shekara tana neman maganin jiri a kunne, alhali jininta ne ke sauka saboda rashin sinadarai.

Sanƙarau, wanda muka sani da zafin bazara, kan taɓa ji, wani lokaci har da fituwitari. Wanda ya tashi daga shi a gwada jinsa cikin wata guda, in yaro ne a ci gaba da auna tsayinsa.

Yarona yana yawan haɓo da hunturu.

Bushewar iska da ƙura ne, ba larurar ba. Ya zauna ya sunkuya gaba, a matse tattausan hancin minti 10 ba sakewa. Kada a ɗaga kai baya. A riƙa shafa ɗan basilin a bakin hanci da dare.

Ina za mu je, da me za mu tafi?

A fara da likitan yara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Na Daura su fara da babban asibitin garin a ba su takardar turawa. In ana buƙatar ƙari akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Za a ɗauki hoton ƙashin hannun hagu don sanin shekarun ƙashi, a gwada IGF-1 da tayirod, sannan gwajin da ake ba da magani a tsokano sinadarin a ɗebi jini sau da yawa, da hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Ɗibar jini sau ɗaya don auna sinadarin girma ɓarnar kuɗi ce, tunda tsartuwa yake yi.

Ku tafi da katin awo, da ma'aunin bango, da tsayin uwa da uba, da bidiyon barci, da kwalayen magungunan da ya sha. Likitan kunne a gaya masa maganar tsayi, likitan sinadarai a gaya masa maganar kunne da minshari, ko ba su tambaya ba.

Allurar da tsada. Magungunan ƙara tsayi da ake talla a Facebook fa?

Sinadarin girma in aka haɗiye shi ciki narkar da shi yake yi kamar nama, don haka ba ƙwaya ko gari ko shayi da zai maye gurbin allura. Mafi muni su ne irin "sha ka fashe" masu ɗauke da dekzametason: kumatu su cika, iyaye su yi murna, amma maganin tsayar da girman ƙashi yake yi, ya kuma raunana garkuwar jiki, ciwon kunnen ya sami wurin zama. Wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa lokaci ɗaya, sai likita ya rage a hankali.

Ita ma allurar gaskiyar tana da sharaɗi: galibinta a firiji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ta son daskarewa, kuma sanyin randa bai isa ba. Inda wuta ba ta tsayawa, a yi magana da asibitin unguwa mai firijin rigakafi na sola tun kafin a saya. In za a ɗauko ta daga Kano, a sa ta cikin kula da ƙanƙara, a naɗe kwalin da tawul kada ya taɓa ƙanƙarar.